Daga Boyekai Zuwa Madina: Lissafin Awanni

Asabar, 3 ga Yuni, 2023, Boyekai

Da hantsi saƙo ya iso: sunana da na Inna sun fito a sahu mai zuwa, mu hallara a sansanin alhazai na Sakkwato jibi Litinin. Kujera biyu, kowace kusan naira miliyan uku. Albasar rani biyu ce muka fitar daga rudu, da bijimai biyu, da abin da ƙannena suka haɗa.

Na sayi wannan littafin rubutu ne don alkawarin da na yi wa 'yan aji shida. Lissafi nake koya musu, na kuwa ce zan dawo musu da lissafin tafiyar nan, awa bayan awa. Tun makon jiya muka ɗora zare a kan taswirar bangon aji, bakinsa guda a Sakkwato, guda a Madina, muka auna shi da ma'aunin da ke ƙasan taswirar. Ya ba mu kilomita 3,800 ko kusa da haka. Jirgin fasinja idan ya daidaita a sama yana cin wajen kilomita 850 a awa. Muka raba, aka sami awa huɗu da rabi. Na ce su ƙara ɗan abin da tashi da sauka za su ci, a kira shi awa biyar.

Bayan isha'i Inna ta kira ni ɗakinta. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kama sunana ba.

"Malam, wanga jirgi kwana nawa shi ka yi bisa?"

"Ba ya kwana, Inna. Awa biyar ce."

Ta yi shiru tana ƙulle daddawa a leda. Can ta ce, "Awa biyat. Shi ko Kawu shekara ukku yay yi, bai kai ba."

Ƙanin mahaifiyarta take nufi. Tana yarinya ƙarama ya ɗaura kaya bisa jaki, ya bi ayari gabas da niyyar Makka. Bayan shekara uku takarda ɗaya ta zo da ajami, cewa yana wani gari a Sudan da ake kira Mai Wurno, yana aikin auduga yana tara kuɗin jirgin ruwa. Daga ita ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Lahadi, 4 ga Yuni

Ranar kasuwar Goronyo. Na je na sayo takalmin soso biyu, da buta, da igiyar ɗaure jaka. Tun harin da aka kai wa kasuwar nan a watan Oktoba na 2021, ba mai son la'asar sakaliya ta same shi a cikinta, don haka azahar na yi na juyo.

Da yamma gida ya cika da masu sallama. Kowa da saƙonsa: wannan addu'ar haihuwa, wancan ta zaman lafiya, yara kuwa dabino da zobe. Liman ya daɗe zaune, na tambaye shi labarin Mai Wurno, ko da yake na sha jinsa. A watan Maris na 1903 Turawa suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ya fita da jama'a mai yawa ya nufi gabas, aka tare shi a Burmi, ya yi shahada can a watan Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake wa laƙabi da Mai Wurno, ya ja sauran jama'ar suka ci gaba har bakin Kogin Nilu kusa da Sinnar, suka kafa gari, garin ya ci sunansa. Wato sunan Wurnon nan tamu, inda Sarkin Musulmi Bello yake kwance tun 1837, shi ne ya yi tattaki har Sudan ya zauna.

Liman ya lissafa zangunan da mutanen da suke ambata: Kano, Barno, Fallomi, Abeshe ta ƙasar Wadai, Darfur, Ubayyid, Nilu, sannan Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Ya ce Shehu kansa ya so zuwa, Allah bai nufa ba, Abdullahin Gwandu ma ya taɓa kama hanya ya juyo daga Kano.

Da suka watse na yi wani lissafi. Mai tafiya da jaki, in ya yi ƙoƙari, ya ci kilomita 25 a yini. Ko da hanya miƙaƙƙiya ce kamar zarenmu, ba ciwo ba damina, sai ya yi kwana 152. Jirgi kuwa kilomita 14 yake haɗiyewa a minti ɗaya. Zango guda na Kawu bai cika minti biyu ba.

Inna ta ce abu ɗaya take roƙo: in nema mata wurin taga, in an zo bisa Sudan in taɓa ta.

Litinin, 5 ga Yuni, Sakkwato

Ƙarfe bakwai daidai muka bar ƙofar gida. Na rubuta lokacin a bayan hannuna kafin in sami sukunin buɗe littafi. An ɗan yi yayyafi da dare, ƙasa tana ƙamshi, wasu har sun fita da sungumi suna gwada sa'ar shuka. Ban ji daɗin barin gona a irin wannan lokaci ba, sai dai ƙanina ya ɗauki nauyi.

Mota ɗaya muka cika mu goma sha ɗaya, jakunkuna a bisa. Direba ya ƙi tashi sai rana ta fito sosai, kowa ya san dalili, ba wanda ya furta. Shingen jami'an tsaro na ƙirga shida. Kafin Achida tayar baya ta yi faci, safeya kuma ba iska, sai da yaron mota ya hau babur ya kai ta wurin mai faci. Muka zauna gindin wata bedi. Inna ta nuna wajen Wurno da carbi ta yi wa Bello addu'a, kamar yadda take yi duk lokacin da muka biyo hanyar nan.

Goma da rabi muka shiga sansani. Awa uku da rabi ke nan, a tafiyar da ba ta kai kilomita ɗari ba. Da jirgi ne, minti bakwai sun yi masa yawa. Na rubuta wannan da jan biro, don na san 'yan aji shida za su yi dariya.

Aka ba mu tabarma a rumfa, maza gefe, mata gefe. Aka ce gobe tantancewa, jibi tashi in Allah ya so.

Talata, 6 ga Yuni

Yau layi ne tun safe: layin fasfo, layin katin rigakafi, layin guzuri, layin awon jaka. An sake jan kunne a kan goro, cewa Saudiyya ba ta yarda a shiga da shi ba. Wata tsohuwa daga Shinaka ta zauna ta raba nata kaf, tana rabawa tana tauna na ban kwana. Bana kujera 95,000 aka ba Najeriya, kuma duk ta 'yan filayen jirgi ƙalilan za a kwashe su cikin makonni. Wanda ya ga cinkoson rumfa ɗaya zai gane abin da ake nufi da jigila.

Maƙwabcin tabarmata wani dattijo ne ɗan Rabah, tsohon ma'aikacin gona, wannan ce tafiyarsa ta biyu. Da ya ji ina lissafin awanni sai ya gyara zama. Ya ce ai mutanen Rabah ne suka san jirgi, tun da garinsu aka haifi Sardauna. Sardauna ya yi hajjinsa na farko a 1955, can kuma ya haɗu da Malam Abubakar Gumi, wanda a lokacin yake karatu a Sudan. Dattijon ya ce a zamanin nan alhajin jirgi abin nunawa da yatsa ne, talaka kuwa ƙafa ce ko bayan babbar mota.

Na duba sai na ga shekarun sun yi kusa da lokacin da Kawu ya fita da jakinsa. Mutum biyu daga gefen ƙasa ɗaya, zamani ɗaya, alƙibla ɗaya. Ɗaya ya je ya dawo gero bai nuna ba, ɗaya har yau gida ba su san makwancinsa ba.

"Malam," in ji dattijon, "ka rubuta awan jirgi, amma ka bar hili babba na awan zama. Nan tahiyar take."

Laraba, 7 ga Yuni

An ce mu shirya ƙarfe huɗu na yamma. Muka ɗaure kaya, muka sa yunifom, muka zauna bisa jakunkuna. Magariba ta yi, isha'i ta yi. Wajen goma aka zo aka ce jirgin bai baro Saudiyya ba, a kwance kaya.

Wani jami'i mai haƙuri ya tsaya ya yi mana bayani, na kuwa ji abin da ban so ji ba. Tun 15 ga Afrilu da yaƙi ya ɓarke a Hartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, an rufe sararin samaniyar ƙasar. Zaren da muka miƙa a taswira ta kan Nijar da Chadi da Sudan ya bi, kafin ya tsallaka Bahar Maliya. Yanzu tilas jirgi ya kewaye. Sudan kuwa ba ƙaramar ƙasa ba ce: mai kauce mata sai dai ya haura arewa wajen Libiya da Masar, ko ya gangara kudu wajen Habasha, kowanne ya ɗauka ƙarin awanni ne da ƙarin mai. Jirgin da ke kai sahu ya dawo ya ɗauki wani, in kowace tafiya ta ƙaru da awa biyu, zuwa da dawowa huɗu ke nan. Kwana kaɗan sai jadawali ya rikice, na bayan layi su ne ke biya da zama.

Abin ya tsaya mini a rai. Jiragen sama na farko da suka taɓa sauka a ƙasar nan, a Kano cikin Nuwamba 1925, guda uku ne na sojan Ingila. Daga Masar suka taso, suka biyo ta Sudan da Fallomi, suna sauka suna tashi kwana da kwanaki. Hanyar alhazan ƙafa suka bi, sai dai su yamma suka fuskanta. Shekara kusan ɗari bayan haka, ƙasar da mai jaki ya ratsa da carbi a hannu ita ce jirgi ba ya iya giftawa ta samanta.

Na je bakin rumfar mata na sa aka kira Inna. Na gaya mata ba za mu bi ta kan Sudan ba.

"Yaƙi su kai?"

"Yaƙi, Inna."

"Allah shi kawo musu sauƙi." Ta juya za ta koma, sai ta tsaya. "In da ɗiyan Kawu, suna ciki ke nan."

Ban sami abin cewa ba. Ni ƙarin awa biyu nake jimami.

Alhamis, 8 ga Yuni

Da la'asar motoci suka zo da gaske. Aka kai mu filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na III, wanda ya yi shekara hamsin a gadon sarauta, daga 1938 zuwa 1988. Wani layin, wani bincike, wani zama. Da yake Madina za mu fara sauka, ba wanda ya ɗaura harami. Sai ranar da za mu nufi Makka, a Zul-Hulaifa.

Bayan ƙarfe tara jirgin ya sauka. Mutane suka miƙe gaba ɗaya suna kabbara kamar an ga wata. Inna ta dube shi ta gilashi ta ce, "Wanga ai unguwa ta." Da muka zo matakala ta kama hannuna, abin da rabonta da yi tun ina ɗan aji ɗaya.

Lambar kujerarta ta tsakiya ce. Na roƙi wani saurayi ɗan Wurno da ke bakin taga, kafin in rufe baki ya tashi: "Inna, zo ki zamna." Na ɗaura mata bel. Aka yi bayanin rigar ruwa da abin shaƙar iska, aka maimaita da Hausa, tsofaffi suna ta salati.

Sha biyu saura minti ashirin ƙafafun jirgi suka bar ƙasa. Daga ƙofar gida zuwa wannan minti, awa 88 da minti 40. Uku da rabi a mota, sauran duk a tabarma da layi.

Fitilun Sakkwato suka taru wuri ɗaya kamar garwashi a kasko, sannan duhu. Kunnena ya toshe, dattijon Rabah daga baya ya miƙo mini alewa ya ce in tsotsa in haɗiye miyau. Matuƙi ya yi magana, aka fassara: za mu yi tafiya a tsayin kilomita goma sha ɗaya, kuma za mu yi kusan awa bakwai.

Juma'a, 9 ga Yuni, Madina

Barci ya ɗan sace ni. Inna ce ta taɓa ni, ita da ta ce in taɓa ta.

"Malam, duba. Alhijir na ko wuta ta?"

Wani jan zare ne ya miƙe a gefen sama. Na duba agogo, uku da 'yan mintuna. A Boyekai sai biyar saura ake kiran assalatu. Na sha koya wa yara cewa duniya tana juya digiri 15 a kowace awa, Madina kuma tana gabas da Sakkwato da digiri 34, shi ya sa agogon Saudiyya ya riga namu da awa biyu. A allo na san shi. Yau na gan shi da ido: mu muka tafi taryen alfijir, muka gamu da shi a hanya, dare ya gajarce mana.

Nan fa gardama ta tashi. Wasu suka ce ba a sallar asuba ƙarfe uku. Wani malami a gaba ya ce sallah da alfijir take, agogo bawa ne. Masu alwala suka yi a zaune, wasu suka ce sai an sauka su rama. Inna ba ta jira ƙarshen gardama ba, ta yi kabbara.

Da gari ya waye sai rairayi da duwatsu a ƙasa, ba gida ba itace. Daga baya ruwa ya bayyana, shuɗi, mai faɗi. Na ce mata Bahar Maliya ce. Ta manna goshi a taga har muka tsallake, cikin abin da bai wuce a sha fura a ɗauraye ƙwarya ba. Wannan ruwan ne Kawu yake tara kuɗin tsallakawa.

Muka sauka shida da rabi a agogona, takwas da rabi a nasu. Awa shida da minti hamsin. Zafin da ya tarye mu a ƙofar jirgi ya fi na Goronyo a watan Afrilu, ga shi busasshe kamar bakin tanda. Hoton yatsu, hoton ido, jiran jaka, jiran mota: awa huɗu cif. Muna cikin mota muka ji ana sallar Juma'a, hanyoyi a rufe. Ba mu same ta ba. Da koren ƙubba ta bayyana tsakanin dogayen gine-gine, motar ta yi tsit, sai shessheka.

Asabar, 10 ga Yuni

Jiki bai yarda da agogon nan ba. Cikina yana neman tuwo lokacin da mutanen gari suke barci. Na kira gida bayan mun idar da asuba, ƙanina ya ɗauka da muryar barci yana tambaya ko lafiya. Na manta can ƙarfe uku bai yi ba.

Da yamma, a wani lungu bayan masaukinmu, muka iske mata suna sayar da tuwo da miyar kuka. Hausa suke yi, tsohuwar Hausa mai gauraye da Larabci. Su ne ake ce wa Takari. Inna ta tsuguna gaban wata mai kamar shekarunta, suka gaisa har da tambayar gajiya. Matar ta ce a Sudan aka haife ta, wajen Gadarif, kakanta ne ya fito daga ƙasar Hausa da ƙafa. Ba ta taɓa ganin Najeriya ba.

"Kin san Mai Wurno?"

"Wa bai san Mai Wurno ba? Garin Sarkin Musulmi."

Inna ta faɗi sunan Kawu da na mahaifinsa, ta kwatanta tsagen fuskarsa. Matar ta yi tunani, ta girgiza kai. Ta ce masu irin wannan suna can ba su ƙirguwa, kuma tun da aka fara yaƙi ita ma wayar 'yan'uwanta wata rana ta shiga, wata rana shiru. Suka zauna jim, ba mai magana. Da za mu tashi ta ƙara wa Inna malmala ɗaya, ta ƙi karɓar kuɗinta.

Lahadi, 11 ga Yuni

Na zauna a harabar Masallacin Annabi, ƙarƙashin manyan lemomin nan masu buɗewa da kansu, na haɗa lissafin 'yan aji shida.

Mota daga Boyekai zuwa Sakkwato: awa 3 da rabi. Zaman sansani da filin jirgi: awa 85 da minti 10. Cikin jirgi: awa 6 da minti 50. Daga saukar jirgi zuwa masauki: awa 4. Jimla: awa 99 da rabi.

Wato cikin awa ɗari ba rabi, wadda ta ci dubban kilomitoci ba ta cika bakwai ba. Zarenmu bai yi ƙarya ba, amma bai san faci ba, bai san shinge ba, bai san yaƙin Hartum ba. Idan na koma zan ba su tambayar haka: a raba kilomita 3,800 da awa 99 da rabi. Amsa ita ce 38 da 'yan kai. Gudun babur ne a hanyar Goronyo, shi ma mai lallaɓawa.

Na karanta wa Inna lissafin ina jiran ta yi mamakin yawan zaman da muka sha. Ta ƙirga a yatsu: Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a.

"Kwana huɗu da ɗan doriya," ta ce. "Kai kana ƙorahi."

Ta ce in buɗe sabon shafi in rubuta sunan Kawu da na mahaifinsa da manyan baƙaƙe, da Boyekai a ƙasa. Za ta riƙa nuna wa duk Batakarin da ta gamu da shi daga nan har Mina. Na rubuta, na yage shafin na ba ta. Ta ninke shi huɗu, ta sa a jakar wuya tare da fasfo.

Saura tafiyar Makka, kilomita ɗari huɗu da 'yan kai, a mota. Na tambayi dattijon Rabah awa nawa ce. Ya ce in bar fili.